Na gaji tsohuwar kyamarar fim da lensi uku, ɗaya ne kawai yake shiga, ya zan yi da su?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar tsofaffin kyamarori na fim ina neman a ɗora ni a hanya. Kawuna, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne na biki da suna tun lokacin da sai an jira an wanko kafin a ga hoto, to akwai wata baƙar jaka tasa da ta daɗe a saman wadirof babu wanda ya kula ta, shi ne Inna ta ce in ɗauka tunda ni ne sarkin ɗauke-ɗauke da waya a gidan. Da na buɗe sai ga kyamara, a goshinta an rubuta Asahi Pentax, a gefe K1000, nauyi gare ta sosai, da lensi guda uku. Wanda ke jikinta an rubuta SMC Pentax-M 1:2 50mm. Na biyu Helios-44-2 2/58, shi gindinsa zare ne irin na murɗawa. Na uku Canon FD 28mm 1:2.8.

Matsalar ita ce na danna ɗan maɓallin gefe na cire na jikin, na gwada sauran biyun duk sun ƙi zama, Helios ɗin sai lilo yake a bakin, Canon ɗin kuwa ko kusa. Na kai wa wani a kasuwar waya ya duba, ya ce biyun nan ba su da wani amfani tunda ba sa shiga amma wai in bar masa zai ba ni na a-daidaita. Saurin da ya yi wajen laluben aljihu ne ya sa hankalina bai kwanta ba. Sannan har yanzu ban gano yadda ake buɗe bayanta ba, 'yar tagar lamba ta sama tana kan 17. Burina in Allah ya kai mu sallah kuma aka yi hawa in ɗauki Hawan Daushe da ita. Zai yiwu ko dai in ajiye ta ado kawai? Kuma fim ɗin ma ana samu yanzu?

Tsohon Mai Hoto, Fagge

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Kafin komai kada ka buɗe bayan nan tukuna, Allah ne ya taimake ka da ba ka gano ba. Lambar nan 17 tana iya nufin akwai fim a ciki wanda marigayi bai ƙarasa ba, kuma da zarar haske ya taɓa shi shi ke nan ya ƙone. Ga yadda za ka gane, a sama ta hannun hagu akwai wani kewayayyen abu mai ɗan hannu da ake ɗagawa, ka ɗaga ɗan hannun kawai, kada ka finciko kewayayyen sama don fincikowar ita ce ke buɗe ƙofar, sai ka juya a hankali yadda kibiya ta nuna. In yana ta juyawa sakwaf to babu komai, in ka ji ya yi tauri akwai fim. In akwai sai ka danna ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin kyamarar, ka ci gaba da naɗewa har ka ji ya saki, sannan ka buɗe a inuwa.

Maganar lensi kuwa, mutumin kasuwar nan ya san abin da yake yi, kada ka sayar masa. Abin da ya sa ba sa shiga, kowane kamfani da irin bakinsa, kamar cajar waya, ta wannan ba ta shiga wancan. Taka bakin K gare ta, Pentax suka fito da shi a 1975, ita K1000 ta biyo baya a 1976 kuma ba su daina ƙera ta ba sai 1997. Tunda taka akwai sunan Asahi a goshi to ta farko-farko ce, don daga baya da aikin ya koma China sun cire sunan sun sa roba a sama da ƙasa. Komai nata sifirin ne da giya irin ta inji, ba ruwanta da batir wajen ɗauka, daga sakan 1 har 1/1000 za ta buga maka ko babu batir. Batirin na mitar haske ne kawai, allurar nan da za ka gani a gefen dama in ka leƙa.

Kuma ka san abin da ya sa irin waɗannan suka kori sauran kyamarori a hannun masu hoto? Abin da ka leƙa ka gani kusan shi ne fim zai gani. Haske yana shigowa ta lensi ya daki madubin da ke karkace a ciki, madubin ya cilla shi sama cikin gilashin da ke cikin ƙusumbin nan na goshi, shi kuma ya juyo maka da hoton daidai zuwa idonka. In ka danna sai madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan fim, madubi ya dawo, shi ne ƙarar nan ƙwas da kake ji. Shi ya sa duk lensin da ka ɗaura, na nesa ko na kusa, da shi kake kallo.

Helios ɗin nan ɗan Tarayyar Sobiyet ne, yawanci da kyamarar Zenit yake zuwa, bakinsa M42 ake ce masa. Mu da yawa da Zenit da Praktica ta Jamus ta Gabas muka koyi aiki don su ne masu sauƙin kuɗi, sai mutum ya yi ƙarfi sannan ya hau Pentax ko Yashica ko Nikon. To Pentax su ma da M42 suke amfani tun kafin kyamararsu Spotmatic ta 1964, saboda haka da za su canja baki sai suka bar tazarar da ke tsakanin gindin lensi da fim yadda take, milimita 45.46, don kada masu tsofaffin lensi su yi asara. Ma'ana ɗan zobe kawai kake buƙata, adafta daga M42 zuwa K, babu gilashi a ciki babu komai, Helios zai hau ya yi aiki. Amma ka lura, ka nemi wanda yake nutsewa cikin bakin ya yi daidai da shi, akwai wani mai leɓe da yake zama a waje, shi in ka sa ba za ka iya saita abu mai nisa ba.

Canon ɗin ne dai ba zai yi a Pentax ba. Tazararsa milimita 42 ce, yana so ya matso kusa da fim fiye da yadda jikin Pentax zai bari. Su kansu Canon sun fara watsar da bakin FD a 1987 da suka fito da sabbin kyamarorinsu na EOS. Ina jin marigayi ya taɓa riƙe kyamarar Canon AE-1 ne ta mutu ko ya sayar, lensin ya rage. Ka ajiye shi. Kuma ni a ganina ka fara da 50mm ɗin da ke jiki ka ƙware a kansa tukuna, da shi kaɗai muke ɗaukar biki tun daga kamu har budar kai babu wanda ya taɓa cewa hoto bai yi ba.

Abba Zoo Road

Slm. Baba Allah ya kara girma, bayaninka ya fita wlh, amma ni fa zan fada masa gaskiya, fim yanzu ba na talaka bane. Kudinsa dala yake bi, nadi daya hoto 36 ne kacal, ka saya da tsada ka biya wanki ka biya sikanin kuma duk wannan baka san ko ya fito ko bai fito ba sai daga baya. Ga doki a guje ga kura ga turmutsutsu a Kofar Kudu kai kuma kana murda fokas da hannu, haba dai.

Dukiyar da ke cikin jakar nan lensin ne ba kyamarar ba. Duk ukun suna hawa kyamarar zamani marar madubi, Sony ko Fuji, saboda su tazararsu gajera ce sosai, ta Sony milimita 18 ce, kaga akwai filin da adafta zai zauna, har Canon FD din da Baba yace bazai yi a Pentax ba a nan lafiya lau yake aiki. Shi yasa mutumin kasuwa ya rude. Helios 44-2 din nan masu bidiyon biki nemansa suke ido rufe saboda yadda yake murda bayan hoto, in ka tsayar da amarya gaban bishiya ka bude shi gaba daya a f/2 sai kaga ganyen baya yana kewaya ta, asalinsa kwaikwayon lensin Biotar na kamfanin Carl Zeiss ne. Ka duba lambar jikinsa ma, yawanci biyun farko shekarar da aka kera shi ce. Abu daya, in kyamarar mai karamin sensa ce sai ka ninka da 1.5, 28 din zai koma kamar 42, 58 din kamar 87 wanda shine daidai hoton fuska. Ni dai shawarata ka ari Sony a wajen wani ka sayi adafta ka more, ita kuma Pentax a goge ta a dora a kanta.

Maman Ilham, Tarauni

Abba kai dai ka cika son sauƙi. Yaro ya ce yana son ya ɗauka da kyamarar kawunsa kai kana ce masa ya je aro. Tsada kam akwai tsada ban musa ba, amma tsadar ce take koya wa mutum ya tsaya ya duba kafin ya danna, ba irin namu na waya da za a ɗauki ɗari a zaɓi ɗaya ba.

Ƙanina, fim ana samu, sai dai mafi yawa oda ake yi ta intanet ko a ba wa mai dawowa daga tafiya saƙo. Mai kala akwai Kodak Gold 200 da ColorPlus 200, baƙi da fari akwai Ilford HP5 Plus 400 da Kentmere da Fomapan, waɗannan biyun na ƙarshe sun fi sauƙi. In saƙo za ka bayar ka roƙi mutumin kada ya sa a jakar da za a jefa cikin jirgi, ya riƙe a hannu ya nemi a duba masa da hannu, don injin haskawa na filin jirgi yana ɓata fim. In ya iso kada ka bar shi a mota ko kan taga, zafin garin nan yana cinye shi, firji ya fi, in babu wuta kuma ko ƙasan gado a ɗaki mai sanyi.

Wanki shi ne wahalar, yawancin situdiyo sun koma dijital, shi ya sa ni na koma baƙi da fari nake wanke abuna a gida. Ba sai da ɗaki mai duhu ba, akwai baƙar jaka mai hannaye biyu da ake zura hannu a naɗa fim ɗin a kan faifai a sa a tanki a rufe, daga nan komai a haske ake yi. Ina amfani da maganin wanki Rodinal, kashi 1 cikin ruwa kashi 50, HP5 yana ɗaukar minti 11 in ruwan yana digiri 20, sai a zubar a ɗauraye a zuba fiksa mai tsayar da hoton a sake ɗaurayewa a shanya. To digiri 20 ɗin nan a Kano shi ne aiki, watan Afrilu ruwan tankin sama sai ka ce an dafa, dole sai na sayo ƙanƙara na jera fiya wata a ciki ina dubawa da ma'aunin zafi. In ruwan ya yi zafi maganin yana gudu, hoton ya yi duhu ya yi tsakuwa-tsakuwa. Abin dariya mai kala shi digiri 38 yake so, da bazara kusan a banza za ka same shi. Shanya kuma a banɗaki nake yi, in fara watsa ruwa ko'ina ƙura ta kwanta sannan in rataye in rufe ƙofa, musamman da hunturu, don ƙura ɗaya in ta manne a jiƙaƙƙen nagatif ta zauna ke nan.

Maganar hawa kuma, kada ka yarda ranar sallah ta zama ranar gwajinka. Ka sa fim mai araha ka je marinar Ƙofar Mata ko ka hau Dala da safe ka ƙarar da shi, a wanke ka ga halin kyamarar. Sannan Daushe da yamma ake yi, haske yana raguwa ga ƙura, saboda haka fim 400 za ka sa ba 200 ba, kuma gudun ɗauka kada ka sauko ƙasa da 1/500 in dawaki na sukuwa. Kada ka bi doki da fokas, ka zaɓi wuri guda ka saita a kansa ka jira ya shigo.

Ɗan Gwammaja

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na yi yadda ka ce, ya yi tauri, na danna na ƙasan na naɗe na buɗe, ga fim nan a ciki kuwa, Kodak ne mai kala. Anti na sa shi a leda na ajiye a firji. Amma da na buɗe na ga wani baƙin abu yana danƙo a gefen ƙofar yana manne min a yatsa, kuma da na haska Canon ɗin da fitilar waya na ga wani fari-fari zare-zare daga ciki ta gefe. Na sa auduga da turare in goge ne? Allurar nan ma ba ta motsi ko kaɗan.

Mai Gyara, Sabon Gari

A'a malam, kada turare ya kusanci gilashin nan, akwai mai a cikinsa, kuma lensi yana da wani shafe a fuskarsa, kalar nan shuɗi-shuɗi ko ja-ja da kake gani in ka karkata shi, in ka kankare shi babu mai mayar maka. Ko bakin riga kada ka sa. Ƙurar Kano yashi ce, in ka goga a bushe zane take yi. Ka fara hure ta da robar hura iska, sannan tsumma mai laushi irin na tabarau, shi ma daga tsakiya zuwa gefe a hankali.

Baƙin abun nan soso ne da aka liƙa don ya tare haske, duk kyamarar da ta kai wannan shekarun ya narke. In ba a canja ba za ka ga jan zane ko fari ya ratsa hotunanka. Aiki ne mai sauƙi, tsinken sakace da ɗan sifirit a kankare tsohon tas, a yanka sabon baƙin soso siriri a liƙa, a cikin kwarmin ƙofa ma baƙin zaren ulu yana yi. Akwai wani kuma a sama inda madubi yake dukawa, shi ma a canja, amma kada sifirit ya taɓa farin gilashin da ke saman madubin don roba ne zai ɓaci, madubin kansa ma ba a goga shi, azurfarsa a waje take.

Zare-zaren da ka gani a Canon hunhuna ce, damina ce take kawo ta in an rufe kaya a jakar fata babu iska babu haske. In a gefe take kaɗan ba za ka ma gan ta a hoto ba, amma ka raba shi da sauran, kuma gara a buɗe a wanke kafin ta ci shafen. Ka fitar da su duka daga jakar nan, ka samu roba mai murfi ka zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Sai ka gwada shota, wato labulen nan da ke buɗe wa fim haske. Ka buɗe baya, ka cire lensi, ka kalli bango mai haske ka buga a kowace lamba. A sakan 1 ka saurara, ya kamata ka ji zirrr sannan ta rufe, in ta maƙale a hanya man ciki ya bushe sai an yi mata sabis. A 1/1000 ka tabbata kana ganin walƙiyar haske daga gefe zuwa gefe ba rabi ba. Lensin jikin kuma ka murɗa zoben rage haskensa zuwa 16 ka taɓa ɗan ƙarfen da ke gindinsa, ganyen ciki su buɗe su rufe da sauri, in suna jan jiki mai ya zubo musu. Kuma don Allah kada a fesa mata man keken ɗinki ko na kwaɗo, rabin waɗanda ake kawo mana abin da ya kashe su ke nan.

Tsohon Mai Hoto, Fagge

Madalla. Fim ɗin marigayi ka gaya wa mai wankin cewa tsoho ne, kala za ta juye ta dushe saboda shekaru da zafi amma sau da yawa ana ganin fuskoki. Allura kuwa batir ne, LR44 guda ɗaya, murfinsa yana ƙasa da kwabo ake buɗe shi, ka duba ko tsohon ya fashe ya yi kore a goge. Ita K1000 ba ta da makunni, murfin lensi shi ne kashewarta, in ka bar ta a buɗe batir zai ƙare. In ma mitar ta mutu kada ka damu, rana tsaka ka sa lensi a 16, gudun shota kuma lambar da ta fi kusa da ta fim, fim 200 ka sa 250, fim 400 ka sa 500. In gari ya yi hazo ka buɗe zuwa 11, inuwar zaure 5.6 ko 4. Da Helios kuma akwai zobe biyu a gaba, ɗaya ka zaɓi lamba, ɗayan ka buɗe ka saita fokas sannan ka rufe kafin ka danna, in ka manta ba ka rufe ba hoton zai yi fari fat.

Abba kuma, dawakin da ka gani a tsofaffin hotunan hawa da wace Sony aka ɗauke su?

Abba Zoo Road

Hhhh Baba na sallama, tuba nake. Dan Gwammaja batirin ka je wajen masu gyaran agogo, in suna da SR44 ka karbi shi ya fi LR44 dadewa kuma girmansu daya. In adaftan ya iso ka taba ni in zo da tawa mu gwada Canon din kafin a kai shi wanki.